Kasuwar Mutanen Da a Ƙasar Andalus

A wannan watan na ajiye alli da allo, ina so ki yafa mayafinki mu yi tafiya, tafiyar kuwa ba ta kusa ba ce. Za mu tsallake hamada da teku mu sauka a kudancin ƙasar Sifaniya, yankin nan da muke karantawa a littattafai da sunan Andalus, mu shiga wata kasuwa da mutanen can suke ci sanye da tufafin kakannin kakanninsu.

Abin da ya kai ni kuwa haihuwa ce. Ƙanena yana aiki a birnin Malaga, matarsa ta sauka a damunar 2023, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ba ya barin ta doguwar tafiya, sai aka wakilta ni in je in kula da mai jego tunda makaranta tana hutu. Na yi makonni ina tsakanin kicin da ɗakin jariri, ban san komai na garin ba sai abin da na hango ta taga. Ana saura kwana kaɗan in dawo, a ƙarshen watan Agusta, ƙanen nawa ya ce, "Yaya, ba za ki koma gida ki ce kin zo Andalus tukunyar ruwan zafi kawai kika gani ba. Ki shirya gobe, akwai inda zan kai ki." Muka tafi mu uku, ni da shi da babbar 'yarsa mai shekara 9, wadda a can aka haife ta, Sifaniyancinta ma ya fi Hausarta gudu.

Kafin mu isa, bari in yi miki bayanin abin da za mu gani. Turawa suna da wani yanki na tarihinsu da suke kira zamanin tsakiya, wanda ya kama daga wajen shekara ta 500 zuwa wajen 1500 miladiyya. A Sifaniya, mafi yawan wannan zamanin da Musulmi a cikinsa, domin Ɗariƙu ɗan Ziyad ya tsallako daga Maroko a 711, daular Musulmi ta ƙarshe kuwa, wato Garnada, ba ta faɗi ba sai ranar 2 ga Janairu 1492. To, a yau garuruwa da yawa na ƙasar sukan ware kwana biyu zuwa huɗu a shekara su mayar da tsohon garinsu kamar yadda suke zaton yake a wancan lokacin. Suna kiran abin mercado medieval, ma'ana kasuwar zamanin tsakiya. A hana motoci shiga, a rataya tutoci, a kafa rumfunan katako da yadi, duk ɗan kasuwar da zai kasa kaya kuma sai ya yi shiga irin ta da. A wasu garuruwan har da mahaya sanye da sulke da kwalkwali, da masu wasa da shaho, da maƙera suna zuga wuta a tsakiyar titi. Ni da na saba ganin 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan Sallah, wannan ɓangaren bai ruɗe ni ba, namu har yau dawakin sarki suke hawa, nasu kuwa da an tashi za su tuɓe su koma ofis.

Kusan kowane wata akwai garin da ke cin tasa. Teruel tana yi a Fabrairu tun 1997, a kan labarin wasu masoya biyu na garin. Wani ƙauye da ake kira Hita yana nasa bikin a Yuli tun 1961, Avila mai ganuwa tana yi a Satumba, Caceres kuma a Nuwamba. Kar ki ɗauka al'ada ce da aka gada ba yankewa. Yawancinsu sababbi ne, an ƙirƙire su don jawo baƙi da kuɗinsu zuwa garuruwan da samarinsu suka watse birane, 'yan kasuwar ma da yawansu 'yan koli ne, yau suna nan, sati mai zuwa suna wani garin da rumfar tasu da rigar tasu. Akwai dai ta ainihi, kamar kasuwar garin Cocentaina da wani sarkin Aragon ya ba da izinin cin ta a 1346, wadda har yanzu ake ci a farkon Nuwamba.

Mu inda muka nufa sunansa Frigiliana, su suna furta shi kamar Firihiliyana. Ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 3,000, a gefen dutse, kilomita 6 daga garin Nerja na bakin teku. Nasu bikin suna kiransa bikin al'adu uku, wato na Musulmi da Kirista da Yahudawa, kuma tun 2006 aka fara shi. Mun bar mota a Nerja muka hau bas saboda cunkoso. Tun daga nesa za ki hango garin fari fat kamar an zuba gari a kan dutse, domin kowane gida an shafe shi da farar ƙasa, ƙofofi kuma shuɗaye da korra. Lungunan tsohon garin matsattsu ne masu matakala, wasu in kin miƙa hannuwa biyu sai ki kusa taɓa bango da bango. Wallahi sai da na tuna lungunan cikin birni, bambancin kawai a nan ba kwata a buɗe, kuma kowace ƙofa da tukunyar furanni.

Kasuwar kuwa babu masaka tsinke. Ga mai sabulun man zaitun, ga baduku da jakunkuna da takalma, ga mai tukwane da kwanukan tangaran masu zane, ga mai kayan ƙamshi ya tara kanumfari da kirfa da za'afaran tsibi-tsibi, ga turaren wuta yana tashi. Ko'ina an rataya alamomi uku a jere, jinjirin wata da gicciye da tauraro mai kusurwa shida. Abin dariya, mai rumfa yana sanye da riga kamar ta shekara 700 da suka wuce, amma da kin ce za ki biya sai ya zaro na'urar karɓar kuɗi ta kati daga ƙarƙashin buhu. Akwai kuma mai soya dankalin Turawa, alhali dankalin nan da tumatir da barkono duk ba su shigo Turai ba sai bayan 1492, daga nahiyar Amurka. Ban ce komai ba, ai ba aji nake ba.

A nan zan ja kunnenki, ko Allah Zai kai ki wata rana. Naman alade shi ne sarkin abincin waɗannan kasuwanni, kuma ba kullum yake zuwa da kamanninsa ba. Ki riƙe kalmar cerdo, ita ce alade. Jamón da chorizo da morcilla duk daga jikinsa suke, manteca kuma kitsensa ne, wanda ake sawa har a cikin wasu kayan zaƙi masu kama da biskit da ba za ki taɓa zargi ba. Akwai kuma wani tsari a bikin na bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya ana ɗanɗana 'yar loma, galibi da giya a gefe. Wannan mun ba shi hanya. Abin da muka ci shi ne soyayyen yalon Turawa da aka yaryaɗa wa zumar rake, bayan ƙanena ya tabbatar da man zaitun aka soya shi kuma kaskonsa daban. 'Yar uwa, zumar nan mazarƙwaila ce da ba ta daskare ba. A cikin garin ake dafa ta, a wani tsohon gidan sarauta na ƙarni na 16 da aka mayar masana'anta, har alewa suke ja da ita. Raken kansa Musulmi ne suka kawo nomansa wannan gaɓar teku.

Abin da ya fi faranta mini rai a farkon yinin shi ne kalmomi. Yarinyar ta ga wani lilo na katako mai juyawa kamar ƙafar keke, wanda wani ƙato yake murɗawa da hannu, ta ce sai ta hau noria. Na ce me? Ta ce noria. Ashe na'ura ce, kalmar Larabci ta abin ɗebo ruwa daga kogi, ita ce mu muka ɗauka muka sa wa kowane inji. Daga nan muka shiga wasa da ubanta. Shugaban gari a wajensu alcalde ne, wato alƙali. Sukari azúcar, zaitun aceituna. Akwai wani tsohon ma'auninsu na hatsi da ake kira almud, mudunmu ke nan ba ragi. Uwa ɗaya ta shayar da mu, Larabci ya bi ta arewa ya shiga bakinsu, ya bi ta hamada ya shiga namu. Na kuma tuna cewa a birnin Malaga ɗin nan aka yi wani shugaban hisba mai suna Assaƙaɗi, a wajen farkon ƙarni na 13, wanda ya rubuta littafi a kan algus da tauye mudu da dabarun 'yan kasuwa. Kasuwar Andalus ta gaskiya da mai duba sikeli take ci.

Muna cikin haka na ga rumfar wata Bamarokiya tana yi wa 'yan mata Turawa zanen lalle, sun yi layi. Muka zauna aka yi wa yarinyar, ni ma na miƙa hannu ɗaya. Lallen bai bushe ba sai ga kiɗa ya taso daga ƙasan titi, ganguna da abin busa, da masu tafiya a kan dogayen sanduna. A tsakiyarsu wasu mata ne suna rawar karkaɗa ƙugu, da ɗan mayafi shara-shara a fuska, cikinsu kuwa a waje. Na kawar da kai. Yarinyar ta ja hijabina ta ce, "Gwaggo, waɗannan su ne Musulmin?" Na ce mata a'a, wasa suke, kamar tashe. Ta yi shiru, can ta ce, "To ina na gasken suka tafi? A makaranta wani yaro ya ce mini mora, ya ce an taɓa korar mu."

Moro, ko mora ga mace, sunan da suke kiran Musulmin da ke nan, a bakin wasu kuma zagi ne. Uban ya dube ni, na gane bai taɓa jin wannan maganar daga bakinta ba sai ranar. Ni kuma da nake tsayawa gaban aji ina ba da tarihin Andalus, sai na rasa ta inda zan fara wa 'yar shekara 9.

Garin ne da kansa ya ba da amsar, kuma a nan dole in yi musu adalci. A bangon lungunan tsohuwar unguwa an manna alluna 12 na tangaran, kowanne da zane da rubutu, suna ba da labarin ƙarshen Musulmin wannan yanki daki-daki. Mutanen garin ne suka ga ya dace a sa su, ba wanda ya tilasta musu. Muka bar hayaniyar muka kama hawa, yarinyar tana karantawa da ƙarfi, uban yana fassara mini, ni kuma ina cike musu da abin da na sani.

Ga yadda abin yake. Lokacin da Garnada ta miƙa wuya a 1492, an yi yarjejeniya cewa za a bar Musulmi da addininsu da masallatansu da alƙalansu. A shekarar aka kori Yahudawa. Ba a yi shekara 10 ba aka warware alkawarin Musulmi, zuwa 1502 aka ce a masarautar Kastila ko mutum ya karɓi Kiristanci ko ya bar ƙasar. Waɗanda suka zauna aka sa musu suna moriscos. Da yawansu suka ci gaba da addini a ɓoye, har a 1504 wani mufti Bamalike daga arewacin Afirka ya aika musu fatawa cewa in an matsa musu su yi salla ko da ishara ce, su riƙe imani a zuci. Da Larabci ya fara kuɓuce wa 'ya'yansu a wasu yankunan, sai suka riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, ana kiran rubutun aljamiado. Ki sake karanta kalmar a hankali, ajami ne, irin wanda kakanninmu suka rubuta waƙoƙin wa'azi da shi.

Sai dokar Sarki Filibus na Biyu da aka shelanta a ranar 1 ga Janairu 1567. Ta hana magana da rubutu da Larabci bayan wa'adin shekara 3, ta hana tufafinsu da sunayensu da gidajen wankansu. Ta ce mata su fita fuska a buɗe, a bar ƙofofin gidaje a buɗe ranar Juma'a da ranakun biki don a ga abin da ake yi a ciki. Ta kuma hana mata ƙunshi. Na dubi hannuna da lallen bai gama bushewa ba, na dubi na yarinyar. Abin da aka hukunta mata a kansa a waɗannan duwatsun, shi ne yau ake bin layi ana biyan Yuro a yi.

A ƙarshen 1568 tawaye ya ɓarke a duwatsun Garnada. Mutanen ƙauyukan wannan yanki, maza da mata da yara, suka tattara suka hau wani dutse da ke saman Frigiliana suka yi sansani. A watan Yuni 1569 sojojin sarki suka hau musu. Sun kare kansu da abin da suke da shi, har duwatsun niƙa suka riƙa gangarowa. Aka ci su da yaƙi, aka kashe da yawa, aka kama dubbai aka sayar bayi. Wani marubucin tarihi na ɓangaren sarki da ya rayu a lokacin ya rubuta cewa mata sun yi faɗa tare da mazajensu, kuma da suka ga an ci sansanin, wasunsu sun faɗa daga kan dutsen don kada a kama su. Ni malama ce, na san hukuncin wanda ya kashe kansa, amma a gaban allon nan bakina bai iya furta komai ba sai Inna lillahi, lamarinsu yana wajen Wanda Ya san abin da suka gani. Daga 1609 zuwa 1614 aka kwashe ragowar moriscos na ƙasar baki ɗaya, kimanin mutum 300,000, aka zuba a jiragen ruwa, akasari zuwa arewacin Afirka. A 2015 Sifaniya ta yi dokar da ta ba jikokin Yahudawan da aka kora damar neman zama 'yan ƙasa. Ba a sa jikokin moriscos a ciki ba.

Kada kuma in yi miki irin abin da nake zargin masu bikin da shi, wato zaɓar mai daɗi a bar mai ɗaci. Zaman tare na addinai uku ya faru, an yi ƙarnoni Yahudu da Nasara suna da wuraren ibadarsu da alƙalansu a ƙarƙashin Musulmi, amma ba kullum lafiya ba. A zamanin daular Muwahhiduna a ƙarni na 12 an matsa musu, har da yawa suka gudu. Sarakunan Musulmin kansu sun rarrabu suna yaƙar juna, wani ya haɗa kai da Kirista a kan ɗan uwansa. Alamomi uku da aka rataya a jere suna da kyau a ido, kuma na fi son garin da ke rataya su a kan garin da ke ƙona su, sai dai jerin ya fi tarihin daidaituwa.

Da muka kai allo na ƙarshe, a can sama inda ake hango teku, yarinyar ta ce, "Ke nan ba abin da ya rage?" A nan ne Allah Ya buɗe mini baki. Na ce mata ta tuna littafin Muwaɗɗa da ke kan kantar babanta, riwayar da muke karantawa ta Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Ƙurɗuba, ya rasu a 848. Ishiriniyar da kakarta take bi da daddare, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Alfiyyar da ɗaliban nahawu suke haddacewa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, Ibnu Malik ne ya tsara ta, haifaffen Jayyan, garin da yau ake kira Jaén. Mai littafin Ashafa da ake karantawa da azumi, Alƙali Iyal, ya yi alƙalanci a Garnada. Ga tafsirin Ƙurɗubi, sunan garin ma yana jikinsa. Na ce mata mu ba jikokinsu ba ne ta jini, babu wanda ya kori kakanki daga nan, amma ɗalibansu ne mu, kuma in yaron ya sake magana ta ce masa ya tambayi babansa daga ina kalmar alcalde ta fito. Ta yi dariya. Uban kuma ya ce zai je makarantar da kansa.

Ban ɓoye miki ba, ni ma na sha jinin jikina. Shekara nawa ina karantar da waɗannan littattafan, ban taɓa nuna wa ɗalibaina a taswira inda masu su suka sha ruwa ba. Andalus a bakina kullum labarin kuka ne na ƙasar da ta suɓuce, alhali rabinta yana cikin jakar da nake ratayawa kowace safiya.

La'asar ta yi mana a can wajen ƙarfe 6, domin rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin sai kusan 9 na dare. Muka gangaro, mijin mai lallen nan ya ɗaga labulen bayan rumfarsu ya shimfiɗa mana darduma tsakanin kwalaye, ya nuna mana alƙibla, bayan mun idar kuma ya zuba mana shayi mai na'ana'a ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce shekarunsa da yawa yana bin waɗannan kasuwanni, rigar da ake ce masa ya sa ta zamanin da, ita ce dai wadda yake zuwa masallaci da ita ranar Juma'a. Musulmi a Sifaniya yanzu sun haura miliyan 2, a Garnada ma an buɗe sabon masallaci a 2003 a kan tudun da ke fuskantar fadar Alhamra.

Ba mu tsaya dare ba. An ce a lokacin ne ake kunna fitilu da wasan wuta, garin ya fi kyau, amma a lokacin ne kuma kiɗa da shaye-shaye suke kankama, ga mai jego mun bari ita kaɗai da jariri. In za ki je, ki je da rana, ki sa takalmi marar tsini saboda matakala, ki fara da allunan nan 12 kafin ki shiga rumfuna. Mun hau bas ana haramar magariba, yarinyar ta ciro takardar da aka naɗe mana alewa ta ce in rubuta mata sunanta da ajami, ta yi ta kwaikwaya har Nerja, daga hagu take farawa ina mayar da ita dama.

Lallen bai yi kwana 10 ba ya goge, ba shi da kamu irin namu. Zumar raken kuwa kwalba ɗaya na riƙo, Hajiya ta ɓoye ta a ɗakinta tana shan koko da ita, ta ce a faɗa wa ƙanena in zai zo hutu ya taho da biyu.